Me yasa kayan adon da nake yi da laka mai bushewa da iska suke tsagewa?

Wata 'yar uwa ce ta tambaya, tace ta sayi lakar nan ta kanti wadda ba a gasawa, ta yi 'yan furanni da ƙananan tukwane na ado da wata 'yar tsana, kwana biyu duk suka tsattsage kan 'yar tsanar ma ya cire. Tana so ta san ko lakar ce bata da kyau, ko za a iya haɗa ta a gida, sannan ko zata iya yin kaskon turaren wuta da ita.

Toh 'yar uwa sannu da ƙoƙari, kuma dan Allah karki zubar da sauran lakar, a yawancin lokuta ba laifinta bane. Na daɗe ina wannan aikin ina kuma koyar da shi, abinda kika faɗa shine kukan kusan duk wanda ya fara. Matsalar gaba ɗaya ta ruwa ce. Wannan lakar ruwan cikinta ne yake fita ta bushe, yana fita tana ƙanƙancewa, to idan wani ɓangare ya riga wani bushewa shi ya tsuke ɗayan bai tsuke ba dole wani wuri ya yage, tsagewar da kika gani kenan. Duk abinda zan faɗa miki a ƙasa a kan wannan yake tafiya, yadda za a sa ruwan ya fita a hankali kuma daidai ta kowane gefe.

Amma bari mu fara da wace iri kika saya, dan ba iri ɗaya bace duk da masu shago suna kiransu da suna ɗaya. Akwai mai nauyi wadda take zuwa a dunƙule kamar sandar sabulu, rabin kilo ko kilo ɗaya, fara ko ja kalar tukunya, irinsu DAS da Jovi. DAS ɗin 'yar Italiya ce, wani mutum Dario Sala ne ya ƙirƙiro ta a 1962, sunansa ma aka gutsuro aka sa mata. Irin wannan garin ma'adinai ne da zaren takarda da abin ɗaurewa, tana bushewa da tauri ana iya goge ta da samfefa a fente ta, ita ce ta tukwane da faranti da abin rataya a bango. Akwai kuma mara nauyi mai laushi kamar soso da take zuwa kala kala a 'yan ledoji, yara sun fi sonta, ita bata cika tsagewa ba amma ko ta bushe bata yin tauri sosai kuma bata gogewa. Sai ta uku wadda ake dafawa a gida da sitaci da farin gam, zan zo kanta. Akwai wata ta daban da mutane ke rikita ta da waɗannan, irinsu Fimo, ita roba ce ko shekara ta yi a buɗe bazata bushe da iska ba sai an gasa ta a oben a wajen digiri 110, idan ita kika samu to duk bayanin nan bai shafe ta ba. Daga yadda kika bada labari mai nauyin ce a hannunki.

Abu na farko da nake zargi shine inda kika shanya. Mu nan da an ce a busar da abu sai a kai shi rana, haka muka saba da kuɓewa da tattasai, amma wannan lakar rana ce babbar abokiyar gabarta, haka fanka, haka iskar hunturu. Saman ya bushe cikin awa ɗaya ya zama ɓawo, cikin kuwa jiƙe yake sharkaf, daga baya cikin ya zo tsukewa ya ja ɓawon ya fasa shi. Kamfanonin suna rubuta cewa tana bushewa a kwana ɗaya zuwa uku, lissafin da aka fi yi shine kwana ɗaya ga kowane santimita ɗaya na kauri, amma wannan lissafin ɗakin da iskarsa ke da ɗan laima ne. A Kano ko Zinder cikin Janairu lakar tana fara tsagewa tun tana hannunki baki gama ba. Ni da hunturu idan na gama abu ina ɗora shi a cikin ɗaki nesa da taga, in yafa masa leda sakwa sakwa, ba ɗaurewa ba, yafawa kawai yadda iska zata ɗan shiga ta ƙasa, ya kwana a haka, washegari in ɗage ledar rabi, rana ta uku in cire gaba ɗaya. Sannan a riƙa juya shi safe da yamma dan ƙasan shima ya sha iska, in ba haka ba abu mai faɗi kamar faranti zai lanƙwashe gefunansa su ɗago sama. In kina da ragar waya irin ta gasa nama ki ɗora a kai ya fi, iska ta ratsa ta sama da ƙasa. Da damina kuma matsalar juyawa take, abu ya yi kwana biyar bai bushe ba har ya fara fumfuna, a lokacin ne ake cire leda a bar shi inda iska ke wucewa, amma har yanzu ba rana ba.

Yadda zaki gane ya bushe, ki kai shi kumatunki, in kika ji sanyi to akwai ruwa a ciki ko da saman ya yi fari fat. Farar lakar tana da ɗan toka toka idan da danshi, sai ta bushe take yin fari sosai.

Na biyu shine kauri. Kan 'yar tsanar nan na tabbata dunƙule kika yi na laka zalla kamar curin fura. Duk abinda ya wuce kaurin yatsa bai kamata ya zama laka zalla ba. Ana dunƙule foyil ne, wannan takardar alminiyon da ake naɗe kifi ko kaza da ita, a matse ta sosai ta zama siffar da ake so, a naɗe ta da tef na takarda, sannan a murza lakar ta zama fai fai kamar rabin santimita a lulluɓe ta da ita. Kinga kin rage laka, abin bai yi nauyi ba, kuma kaurin daidai ne ko'ina dan haka zai bushe tare. Foyil yana da wani amfani kuma, yana ɗan bada kai idan lakar ta zo tsukewa. Shi yasa idan kika lulluɓe kwalba ko gwangwani ko dutse da laka gaba ɗaya kusan kullum sai ta tsage, lakar tana son ta ƙanƙance abin da ke ciki ya ƙi motsi. Masu son yi wa kwalbar humra ko ta turaren wuta ado, ku daina lulluɓewa baki ɗaya, ku yi furannin da ganyen daban daban su bushe sannan ku manna da gam, ko ku shafa farin gam a jikin kwalbar ku ɗora ƙananan guntaye da 'yar tazara tsakaninsu.

In abu yana da wuya ko ƙafa ko reshe to sai an sa masa ƙashi. Tsinken sakace ya isa ga ƙaramin abu, ki soka rabi a jiki rabi a kai. Babba kuma waya, amma ki kula da wayar ƙarfe ta ɗaurin rodi, tana tsatsa a cikin laka mai danshi bayan sati biyu sai kiga jan tabo yana ɓullowa ta cikin farin fenti, wannan ya taɓa ɓata min aikin da na yi kwana huɗu a kansa kuma na wata amarya ne, sai da na sake sabo. Wayar alminiyon ko ta tagulla ta cikin tsohon kebul ta fi, in ta ƙarfen ce kawai kike da ita ki naɗe ta da tef tukunna.

Maganar cirewar kai kuma, haɗi ne ba a yi daidai ba. Mutane suna ɗora wannan kan wancan su danna su ɗauka ya kama, yana jiƙe kamar ya kama ɗin, yana bushewa kowa ya kama gabansa. Yadda ake yi, ki ɗauki tsinke ki kakkarta fuskokin biyu da zasu haɗu, ki gutsuri laka kaɗan ki dama ta da ruwa ta yi kaurin kunu, ki ɗiga farin gam a ciki, ki shafa a wurin kartar, ki haɗa ki ɗan murza, sannan ki murza wata siririyar laka kamar taliya ki zagaye bakin haɗin ki shafe ta da yatsa har layin ya ɓace. Wannan damammiyar lakar ki ajiye ta a 'yar roba mai murfi, da ita zaki cike duk tsagar da ta fito daga baya. Ma'ana kayanki da suka tsage ba asara bane, ki jiƙa bakin tsagar da burushi, ki cusa damammiyar, ki bari ta bushe, in ta lotsa ki ƙara, ki goge, bayan fenti babu mai ganewa.

Sai yawan ruwa lokacin aiki. Na san daɗin da ake ji idan aka tsoma yatsa a ruwa aka shafa saman ya yi sumul yana sheƙi, amma duk ruwan da kika ƙara sai ya fita, inda ya fi jiƙa kuma ya fi tsukewa. Yatsa mai danshi ya isa, ba mai ɗiga ba. Kuma kafin ki fara ki murza lakar sosai a hannu na 'yan mintuna ta yi laushi iskar da ta maƙale a ciki ta fita. Sauran da ke cikin leda ki rufe nan take ko da minti biyu zaki yi, in kin gama ki naɗe da leda biyu ki sa a roba mai murfi da ɗan tsumma mai danshi a gefe, kar a sa a firiza.

Yanzu haɗawa a gida. Eh ana yi, kuma ga furanni da 'yan kunne da abin maƙala makulli da adon firam ni na fi son ta gida akan ta kanti, dan ana iya murza ta siririya kamar ganye bata karye ba. Wannan haɗin a ƙasashen Kudancin Amurka ya fi shahara, Ajantina da Barazil, can sana'a ce babba ta mata, da ita suke yin 'yan kyaututtukan biki da adon saman kek. Ga yadda nake yi. Kofi ɗaya na sitacin masara, wato kwanfulawa ta gwangwani ko ta kwali da ake kaurara miya da ita, ba garin masarar tuwo ba dan Allah, garin tuwo bazai yi ba. Kofi ɗaya na farin gam irin na kafintoci, Top Bond da makamantansa. Cokali biyu na man jarirai, cokali ɗaya ko biyu na ruwan khal ko lemon tsami, shi wannan dan hana fumfuna ne. Ki haɗa su a tukunyar da kin haƙura da ita, bazata koma kicin ba, ki dama babu gudaji sannan ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kina tuƙawa da muciya ba tsayawa. Zai fara kamar koko, ya koma kamar talge, sai kiga ya fara haɗe kansa yana barin jikin tukunya kamar tuwo ya kusa, to nan zaki sauke. Wurin nan ne gaba ɗaya sirrin yake, in kika sauke da wuri zai riƙa kama hannu, wannan ana gyarawa a mayar wuta kaɗan, in kuwa ya wuce ya zama kamar roba to ya tafi babu gyara, dan haka gara ki sauke da wuri. Ki shafa basilin ko man shafawa a hannu da kan tebur, ya ɗan huce yadda zaki iya taɓawa, ki yi ta murzawa har ya huce gaba ɗaya ya yi santsi. Gwajinsa, ki ja shi biyu, in ya miƙe ya tsinke da tsini kamar ɗigon ruwa to ya yi. Ki naɗe a leda ya kwana kafin ki fara aiki, bayan 'yan awanni ki duba in ledar ta yi gumi ki canza wata.

Sitacin rogo shima yana yi amma ya fi danƙo da yauƙi, sai hannu ya saba.

Abubuwa huɗu game da ta gidan nan da ya kamata ki sani tun kafin ki sha mamaki. Tana ƙanƙancewa fiye da ta kanti nesa ba kusa ba, abu zai iya raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, dan haka in zobe ne ko wani abu da zai shiga wani wuri ki yi shi ya ɗan fi girma. Sannan in baki sa mata farin fenti a ciki ba idan ta bushe ba fara take zama ba, wata kala take yi kamar kitse mai ɗan gani ta ciki, ki murza farin fentin akirilik kaɗan a ciki tun tana ɗanya. Kala kuma tana ƙara duhu bayan bushewa, in kina son ruwan hoda ki sa ja ɗan mitsitsi, abinda kika ga kamar bai isa ba shine daidai. Kuma tunda sitaci ce, kyankyasai da ɓeraye da tururuwa suna sonta, kar ki shanya a ƙasa ko a kicin.

Akwai mai sauƙi ta yara wadda babu gam, kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ruwa kamar kofi ɗaya a kwaɓa. Ta wasa ce, da damina gishirin yana jan laima ta yi laushi, ban yarda a yi abin sayarwa da ita ba.

Bayan bushewa sai gyara. Samfefa mai lamba 220 ki fara da ita, ki gama da 400, ki yi a waje ki sa takunkumi dan ƙurar bata da kyau a ƙirji. Ki share ƙurar da busasshen burushi. Fentin akirilik shine nata, shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, kuma kar ki tsinka shi da ruwa da yawa dan ruwan zai jiƙa saman lakar ya narkar da ita ki ga burushi yana kwaso farin abu. Fentin ruwa na 'yan makaranta yana yi amma yana gogewa. Ƙarshe sai banish, wato man nan mara kala da ake shafawa a kan fenti dan ya kare shi, siriri siriri sau biyu ko uku har da ƙasan abin da cikinsa, ƙasan nan mutane ke mantawa kuma ta nan laima take shiga. Kar ki kuskura ki shafa banish alhali cikin bai gama bushewa ba, kin kulle ruwa a ciki kenan, bayan wata ɗaya fentin ya kumbura ko ya yi baƙi baƙi. Masu shafa man farce mara kala a madadin banish, ga ɗan kunne ɗaya ba laifi amma yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa.

Toh maganar kasko, a nan zan tsaya in ja hankalinki sosai dan ita ce mai haɗari. A'a, kar ki yi kaskon da za a zuba garwashi da wannan lakar, ko wace iri ce cikinsu. Kaskon da muke saya a kasuwa da tulu da randa da tukunyar ƙasa yumɓu ne da aka gasa a wuta. Idan yumɓu ya kai zafin wajen digiri 600 ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa yana fita ya canza gaba ɗaya, bazai ƙara komawa laka ba ko ya shekara a ruwa, shi yasa randa take riƙe ruwa kasko yake riƙe wuta. Aikin irinsu Ladi Kwali kenan, wadda hotonta ke bayan naira ashirin tana ginin tukunya, ta koyi ginin hannu a gida sannan a 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Lakarmu ta iska bata taɓa ganin wannan wutar ba, bushewa kawai ta yi, tamkar shanun laka da yara ke yi a bakin kududdufi, ruwan sama ɗaya ya mayar da su taɓo. Abinda ke riƙe da ita gam ne da zaren takarda ko sitaci, garwashi zai ƙona su, ga fenti da banish a kai suna fitar da hayaƙi mai wari kina shaƙa a ɗaki a rufe, kaskon kuma zai iya fashewa garwashi ya zube a kafet. Kuma kar kice bari ki kai wa masu tukwane su gasa miki tare da nasu, ba a yi ta dan haka ba, rugujewa zata yi.

Abinda zaki iya yi shine ki sayi kaskon gaske, ki yi masa farantin ado da zai zauna a kai da ɗan tayil a tsakani, ko ki yi mazubin ajiye turaren, ko abin soka turaren tsinke mai faɗi wanda toka kawai ke zuba a kai. Haka nan ruwa da abinci, banish yana kare ta daga laima da ɗan feshi amma baya mayar da ita abin zuba ruwa, kar a ci abinci a ciki kar a sha, kar a wanke ta a famfo, tsumma mai ɗan danshi kawai. In tukunyar fure kike so ta ɗanyen fure ki ɓoye kofin gilashi ko roba a ciki bayan ta bushe, in furen na roba ne ko busasshe babu damuwa. Dabino ko alawa mai leda a faranti ba komai.

Game da 'yar tsana da sauran siffofin masu rai, na san da yawa cikinmu suna kauce musu saboda addini, wannan ki tambayi malaminki, ni dai yawancin aikina furanni ne da 'ya'yan itace da ƙananan ƙwarya da tulu da faifai na ado, da kuma zanen bangon gidajenmu na gargajiya. Wannan na ƙarshen ina so 'yan uwa su waiwaye shi, irin zanen da magina suke yi a fuskar soro a Zariya da Kano da Zinder, dagi da sauran layukan nan masu sarƙewa, wallahi kamar dan wannan lakar aka yi su. Ki samu katako siriri ko kwali mai tauri, ki zana dagin da fensir, ki shafa farin gam a kan layin, ki murza laka kamar igiya mai kaurin fensir ki bi layin da ita kina dannawa a hankali, inda igiya ta hau kan igiya ki karta ki shafa damammiya. Tunda siririya ce kuma kaurinta ɗaya bata cika tsagewa ba, kwana biyu ta bushe, ki fente da shuɗi da ja da ruwan ƙwai da kore kamar yadda ake yi a bango ki sa a firam.

In zaki sake gwadawa satin nan ki fara da abu mai faɗi tukunna kafin ki koma kan 'yar tsana. Ki sa fensir biyu a gefe da gefe ki murza lakar da kwalba a tsakaninsu dan kaurin ya zo ɗaya, ki yanka da bakin kofi, ki danna ganyen zogale ko guntun leshi a kai ya bar zane, ki huda ramin rataya da tsinken shan lemo tun tana ɗanya dan in ta bushe hudawa fasa ta yake. Ki yi guda shida, uku ki yafa musu leda a cikin ɗaki, uku ki kai rana kamar yadda kika yi wancan karon, bayan kwana uku ki jera su ki duba da idonki.